Jaririyar Fada da Ƙafar Malam Barmo

A wani gari da ake ce wa Gaggawa, inda ba a taɓa gama komai ba amma kullum ana bikin buɗe sabo, an yi wani sarki mai suna Sabo ɗan Sabo. Wannan bawan Allah ba ya son ya ga abu ya kwana biyu a idonsa. Rijiya in ta fara ba da ruwa sai ya sa a cike ta a haƙa wata a gefenta, don a kafa rumfa a yi jawabi. Majalisarsa sunanta Majalisar Haka-Ne, kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa jin ta faɗi abin da ya wuce sunanta ba.

Kwamfuta ta cika garin nan maƙil. Kowane ofis da tasa a kan tebur, ƙatuwa, ga allo ga akwati ga igiyoyi kamar hanjin akuya. Asibiti da ita, kotu da ita, har mai awon hatsi a Kasuwar Dawo-Gobe sai ya danna kafin ya cika maka tiya. A cikin kowace kwamfuta kuma akwai abin da ake kira babbar manhaja. Ita ce murhun da duk sauran tukwane ke hawa. In ta ci wuta kowa ya ci abinci, in ta tsaya hayaƙi kowa ya kwana da yunwa. Wadda garin ke amfani da ita tsohuwa ce, tana tari, tana ɗingishi, amma tana kai mutum inda za shi. Laifinta ɗaya: sarkin da ya gabata ne ya kawo ta.

Sai Sarki Sabo ya sa aka kwashe ta daga kowace kwamfuta rana ɗaya, aka zuba sabuwa dal. Da yake kuma an taɓa kawo wata ƙaramar manhaja fada, wani ɗan manhaja mai kaifin baki ya ce ba ta da kyau, ta mutu a ranar, majalisa ta zauna ta gano cewa kambun baka ne ya kashe ta. Daga nan aka kafa doka: duk sabuwar manhaja jaririya ce. Barka ake zuwa yi mata. Ba mai faɗin aibinta sai an cika kwana bakwai an yanka rago an raɗa mata suna. A ranar sunan ma ba kowane kare da doki ke magana ba, sai 'yan manhaja, wato masu rubuta ƙananan manhajojin da ke hawa kan babbar, don su ne suka san cikinta. Wanda ya yi gaggawar baki kafin suna, a yanke masa wutar lantarki har abada, ya koma sayar da rake.

To, a ranar da aka haifi jaririyar nan, Malam Barmo mai yaɓe ya hau soron wani attajiri gyaran indararo, tsani ya zame, ya faɗo a kan ƙafarsa ta hagu.

Matarsa Gwaggo Tabawa ce ta sa aka turo shi a baro har Asibitin Allah-Ya-Sawwaƙe. Tabawa dattijuwa ce mai sayar da daddawa, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba ta taɓa haɗiye magana don kunyar wani ba. Shekarunsu da Barmo sun kai inda ba a ƙirgawa. Shi ke fita ya samo, ita ke faɗan ya samo kaɗan, haka suke zaune lafiya lau.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya zauna gaban kwamfuta ya danna. Wata 'yar ƙawanya kamar zobe ta fito tsakiyar allo ta fara juyawa.

Tabawa ta jira har ta gaji. Ta ce, "Likita, ina hoton?"

"Yana zuwa, Gwaggo."

"Daga wane gari? Ba a ɗakin can aka ɗauka ba?"

"Yana ciki. Jaririya ce za ta fito da shi."

"To kafin ta fito da shi, ga ƙafar nan a gabanka, ta kumbura kamar kabewa. Allah ya ba ka ido biyu har ka ƙara da gilashi. Duba mana!"

Likita ya waiga dama da hagu, ya rage murya. "Dokar Zamani ta hana. Duk wanda ya taɓa ƙashi bai ga hoto ba, ya nuna bai yarda da jaririyar fada ba ke nan."

Ta sa aka juya baro zuwa gidan Sarkin Ɗori, wanda kakanninsa suka ɗaure ƙafar rabin garin. Ta same shi a zaure, shi ma an ajiye masa kwamfuta a kan turmi, ƙawanya na juyawa. Ya dubi ƙafar Barmo, yatsunsa suka fara motsi da kansu, sai ya yi maza ya zauna a kansu.

Ya ce, "Uwar gida, ki yi haƙuri. Ni ma hoton nake jira."

Ta ce, "Ubanka da hoto ya yi ɗori?"

"Ubana bai yi zamani da Majalisar Haka-Ne ba."

Washegari Tabawa ta ja mayafi ta nufi Zauren Danne-Danne, inda 'yan manhaja ke zama, don an ce mata bakinsu kaɗai fada ke ji. Ta tarar da su a jere, kowa da kwamfutarsa, ga mutumin gidan rediyo ya zo ɗaukar ra'ayinsu na farko a kan jaririya. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar gidan burodi. Wani ya ɗora butar shayi a kan akwatin kwamfutarsa har ta fara tsuwa. Wani ya shanya hularsa da ya wanke a bakin iskar da ke fitowa ta baya. Fankokin cikin akwatunan suna ta kururuwa kamar injin markaɗe. A kan kowane allo kuwa, ƙawanyar nan ce, juyi kawai take abinta.

Shugabansu, Injiniya Nafi'u, Sarkin Manhaja, ya gyara zaman babbar riga ya matso da baki kusa da abin magana.

"Tubarkalla, masha Allah. Abin da na fara lura da shi, yarinyar nan tana da natsuwa. Ba ta da rawar kai irin ta waccan tsohuwar. In ka danna mata abu sai ta tsaya ta yi tunani."

Na kusa da shi ya ce, "Ga ta da cin abinci. Duk ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutata ta lashe tas, tana neman ƙari. Alamar lafiya ke nan."

Mai shayi ya ce, "Jininta na gudu sosai. Taɓa akwatin ka ji ɗumi."

Mai rediyo ya ce, "An ce takan ɗauke gaba ɗaya, allo ya yi baƙi?"

Injiniya Nafi'u ya yi murmushi. "Wane jariri ne ba ya barci?"

Tabawa ta ture mai rediyo gefe da kafaɗa. "Kai, mai babbar riga. Kai ne ubansu a nan?"

"Ni ne Sarkin Manhaja, Iya. Barka kika zo yi?"

"Barkar uwar wa? Hoton ƙafar mijina na cikin abin nan tun jiya. Natsuwar tata ta ci mini kwana. In barci take ku tashe ta, in mutuwa ta yi ku binne ta ku dawo mana da tsohuwar."

Wani ya ce, "A'uzubillahi." Wani ya tofa addu'a a kan allonsa ya shafa. Mai rediyo ya kashe na'urarsa da sauri har ta kusa faɗuwa.

Injiniya Nafi'u ya ce, "Iya, da ke 'yar manhaja ce da yanzu kin yi kwanan duhu. Amma maganar wanda bai san abin ba, doka ba ta ɗauke ta magana ba. Ki je gida ba ki ce komai ba."

Tana fita tana zage-zage, wata matashiya daga cikinsu ta biyo ta har gindin tulun ruwa, kamar za ta sha. Sunanta Zuwaira, ita ke rubuta manhajar da asibiti ke duba hoto da ita.

Ta ce, "Gwaggo, kar ki ɗaga murya. Aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai in kunna da safe, in je kitso, in biya kasuwa, in dawo in tarar tana juyi. Duk wanda kika gani a ɗakin can ya sani. Injiniya ma ya sani, shi da alli yake lissafi a gida."

"To bakinku ciwo yake?"

"Sai ranar suna. Ina da uwa da ƙanne a kan wutar nan, Gwaggo. Amma wallahi ranar suna ni zan fara miƙewa. In na faɗa, dole su gyara ko su dawo da tsohuwar."

Tabawa ta ƙare mata kallo. "'Yar nan, ƙafar mutum ce fa, ba daddawa ba ce da za a ce ta ƙara kwana ta ƙara daɗi."

"Na sani. Ki riƙe shi zuwa suna."

Haka Tabawa ta koma riƙon ƙafa. Ta gasa da ruwan ɗumi, ta shafa man shanu, ta tare ƙuda da mafici. Kumburin ya tashi daga idon sawu ya hau ƙwauri. Launin ya bar ja ya koma kamar ɗanyen baban rini. Barmo kuwa, da yake mutum ne mai ban haushi, ko a kwance bai bar tsokana ba.

Ya ce, "Tabawa, in hoton ya fito ki karɓo mini guda. Ban taɓa ɗaukar hoto ba, ƙafa ta riga fuska."

Ta ce, "Malam, rufe mini baki. Da ka riƙe tsani yadda kake riƙe surutu da ba mu zo nan ba."

Amma in ta fita tsakar gida daka, da taɓarya take haddace abin da za ta ƙara a kan maganar Zuwaira, ko doka ta ɗauka ko kar ta ɗauka.

Ranar suna ta zo. Aka kafa rumfa a ƙofar fada, aka jera kwamfutoci a kan tebur an yafa musu zanen goyo. Ga rago fari ƙato an ɗaure. Ga maroƙa. Ga Wazirin Sabuntawa, wanda shi ne uban jego, yana ta karɓar gaisuwa. Tabawa ta kutsa har sahun gaba, ta hango Zuwaira ta zauna a bakin kujera, ƙafa ɗaya a gaba, tana jiran a faɗi suna ta miƙe.

Mahauci ya kayar da rago. Mai raɗa suna ya sunkuya kusa da akwatin kwamfuta ya buɗe baki.

Sai duk allunan suka yi shuɗi lokaci ɗaya. Rubutu ya fito. Wani ya karanta da ƙarfi: "Ana sabuntawa. Kada a kashe."

Waziri ya daka tsalle har rawaninsa ya karkace. "Allahu akbar! An sake haihuwa!"

Mata suka rangaɗa guɗa. Mahauci ya mayar da wuƙa kube, rago ya miƙe ya kaɗa kunne. Maroƙi ya juya kirari nan take, bai ko haɗiye yawu ba.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, tsaya. Wace ce ta haihu?"

"Jaririya."

"Wa ta haifa?"

"Jaririya."

"Ita ta haifi kanta ke nan, tun cibiyarta ba ta faɗi ba?"

"Haihuwar zamani ce, Gwaggo. Wannan sabuwa ce fil. Sai a fara ƙirga bakwai daga yau."

"Hoton mijina fa?"

"Yana cikin gadon da waccan ta bari. Wannan za ta karɓa in ta yi wayo."

Daga nan Waziri ya hango Zuwaira a tsaye, don ta riga ta miƙe ba ta san ta miƙe ba. Ya washe baki. "Zo, 'yata, zo. Na ga magana a bakinki. Waccan da ta wuce ai ba jaririya ba ce yanzu, tsohuwa ce. Faɗi duk aibinta, kar ki rage."

Zuwaira ta dubi Tabawa, ta dubi ƙasa, sannan ta faɗa. Ta faɗi nauyinta, ta faɗi zafinta, ta faɗi yadda take cinye ƙwaƙwalwa ta bar mutum da allo baƙi, ta faɗi kitson da take zuwa ta dawo. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba. Jama'a suka yi ta tafi. Injiniya Nafi'u ya karɓe abin magana ya ce ai shi tun ranar farko ya ga alamar waccan ba za ta yi ƙarko ba, amma wannan ta yau, tubarkalla, daga yadda ta yi shuɗin nan ma ka san ta fi ta sauri. Sarki ya ji daɗi ya ce a ba Zuwaira turmin atamfa saboda gaskiyarta. Majalisa ta ce haka ne.

Tabawa ta tsaya tana kallon yadda aka ɗauki gaskiyar da ta kwana bakwai tana jira, aka yi wa sabuwar jaririya kwalliya da ita. A kan allo, shuɗin ya washe. 'Yar ƙawanya ta fito ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Suna na biyu, haka. Na uku, haka. Kafin a je ko'ina ragon ya gane aikinsa: da ya ga rumfa sai ya je ya kwanta da kansa, da allo ya yi shuɗi sai ya tashi ya koma turkensa ba mai ja. Ya yi ƙiba har ba ya iya shiga ƙofa sai a karkace. 'Yan manhaja su ma suka ƙware. Kowane mako suna da ra'ayin farko mai zaƙi a kan ta yau, da gaskiya mai ɗaci a kan ta jiya, har mutanen garuruwan maƙwabta suka fara cewa ba inda ake faɗa wa hukuma gaskiya kamar Gaggawa. Zuwaira ta tara atamfa har ta fara sayarwa. In ta hango Tabawa a hanya sai ta shige lungu.

Ƙafar Barmo ba ta san dokar suna ba. Ranar da wari ya hana maƙwabta zama a ƙofar gida, Tabawa ta sake sa shi a baro sai asibiti. Wannan karon bai yi tsokana ba.

Likita ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar da shi ya mayar da sauri. Ya ce, "Sai an yanke. Yau, ba gobe ba."

Tabawa ta ce, "Ba ka ga hoto ba."

"Ɗori ne doka ta ce sai da hoto. Ba ta ambaci yanka ba."

Ta juya ta riƙe hannun Barmo.

Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Aikin ya tafi da sauri ƙwarai, don ba kwamfuta a cikinsa.

Barmo na kwance bai gama farfaɗowa ba, Tabawa na zaune tana kore masa ƙuda, sai ta ji likita ya yi ihu daga ofishinsa. Ta zaci gobara ce. Ta leƙa, ta gan shi tsaye gaban allo. Ƙawanya ta ɓace. Ga ƙafa nan fara sol a kan baƙi, yatsu biyar cif, ƙashi miƙe sai wani ɗan layi siriri kamar gashi.

Ya ce, "Gwaggo, ta buɗe! Dubi kyan hoto, don Allah! Waccan tsohuwar ba ta taɓa fito da ƙashi tar haka ba." Ya matsa kusa ya ƙura ido. "Kash. Ashe tsagewa ce kawai. Wannan ai ɗorin kara huɗu da tsumma ne." Ya ɗauki waya ya kira Zauren Danne-Danne ya yi musu albishir.

Da yamma mai shela ya zaga gari: an sake haihuwa a fada, kowa ya fito barka, kuma kar a zo hannu rabbana.

Tabawa ta koma gida ɗauko wa Barmo tabarma. A bakin ƙofar ɗaki ta ga takalmansa na fata, waɗanda yake sawa ranar Juma'a, a jere yadda ya bar su. Ta sunkuya a kansu. Ta ɗauki na dama ta tura ƙarƙashin gado. Na hagun ta goge shi da gefen zane, ta ƙulle a ɗankwali, ta nufi fada.

Layin 'yan barka ya kai bakin kasuwa. Ta bi shi ba ta ce wa kowa uffan ba, abin da ya sa waɗanda suka san ta suka riƙa matsawa. Da ta iso gaban tebur, ga Waziri, ga Injiniya Nafi'u yana gaya wa mai rediyo cewa ta yau ɗin nan numfashinta ma daban ne. Ta kwance ɗankwali ta dangwarar da takalmin a gaban allo.

Ta ce, "Ga barkata. In 'yar taku ta fara tafiya, ta sa."

Injiniya Nafi'u ya fizgo abin magana. "Jama'a ku shaida! Ba mu kaɗai muka gani ba. Talakawa da kansu sun ga alamar tafiya, har takalma suke kawowa!"

Aka yi guɗa. Majalisa ta ce haka ne.

Waziri ya ɗauki takalmin ya juya shi, ya duba ƙasansa, ya ɗan ɓata fuska.

"Na hagu ne, Gwaggo?"

"Na hagu ne."

"Kash. Na hagu sun yi mana yawa." Ya miƙa wa dogarin da ke bayansa. "Kai shi ɗaki wajen sauran. Ka tona cikin buhun na dama, ko Allah zai sa a dace da ɗan'uwansa."

Ya ɗago kai ya dubi bayan Tabawa, inda wata mata ke tsaye da ƙulli a ɗankwali.

"Na gaba."